Sallamar ma'aikaci a Injamena: Magana da baki ba ta isa, sai da takarda

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Maiduguri zuwa Gamborun Ngala, ya wuce Fotokol da Kusuri, ya hau gadar Ngeli ya shiga Injamena, ya san cewa kuɗi sun canja, harshe ya canja, haka ma jami'an da ke tambayarsa takardu. Abin da da yawa daga cikinmu ba su lura da shi ba shi ne, dokar da ke tsakanin maigida da yaronsa ita ma ta canja. Galibi ba a farga da hakan sai ranar rabuwa, wato ranar da takardar sammaci daga ofishin sufeton ƙwadago ta iske mutum a bakin rumfarsa.

A al'adarmu ta kasuwa, kalmar sallama tana da fuska biyu. Akwai sallamar arziki, inda yaro ya yi shekaru yana yi wa maigidansa hidima, aka ba shi jari ya buɗe nasa. Akwai kuma wadda ake yi cikin fushi, a ce wa mutum ya ajiye makulli ya kama gabansa. Duka biyun da baki ake yin su, shaidu kuwa su ne maƙwabtan rumfa. Wannan tsari ya daɗe yana yi mana aiki domin an san juna, an san asalin kowa. To amma ɗan kasuwar da ya kafa shago a Babbar Kasuwar Injamena, ko Kasuwar Gero, ko ta Dembe, ya ɗauki direba da maigadi da mai jiran sito yana biyansu albashi duk wata, ya shiga ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Chadi, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da doka ta ce

Dokar ita ce mai lamba 038 ta ranar 11 ga Disamba, 1996. A wurinta, duk wanda ke aiki a ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, ma'aikaci ne. Rashin rubuta yarjejeniya ranar da aka ɗauke shi ba ya soke haƙƙinsa, matuƙar zai iya kawo shaidar cewa ya yi aikin.

Sharaɗi na farko shi ne dalili. Ba a korar ma'aikaci sai da dalili na gaskiya mai ƙarfi wanda za a iya nunawa, kamar yawan fashin aiki, ko gazawa, ko cin amana, ko kuma karyewar ciniki. "Na gaji da ganinsa" ba dalili ba ne a gaban alƙali.

Sharaɗi na biyu shi ne a saurari mutum. Idan laifi ko gazawa ake tuhumarsa da shi, sai maigida ya kira shi zama a rubuce, ya faɗa masa abin da ake zarginsa da shi, ya ba shi dama ya kare kansa. Bayan wannan zama ne, idan maigida bai canja shawara ba, zai rubuta takardar sallama wadda ke ɗauke da dalilin ƙarara. Wannan dalilin da aka rubuta shi ne kotu za ta duba idan magana ta kai can. Saboda haka wanda ya rubuta "rashin ciniki" don kunya, alhali sata yake zargi, ya ɗaure kansa da igiyarsa.

Wa'adi da kuɗin sallama

Sai batun wa'adi, wanda muke ce wa notis, a Faransanci kuma préavis. Wanda bai cika shekara ɗaya yana aiki ba, kwana 15 ake ba shi. Daga shekara ɗaya zuwa uku, wata ɗaya. Daga shekara uku zuwa sama, wata biyu. Maigidan da ba ya son ya ci gaba da ganin ma'aikacin a shagonsa yana iya sallamarsa nan take, amma sai ya biya shi albashin wannan wa'adi.

Bayan wa'adi akwai kuɗin sallama ga wanda ya kai shekara biyu. Ana lissafa su ne a kan matsakaicin albashinsa na wata: kashi 25 cikin ɗari a kan kowace shekara daga cikin biyar na farko, kashi 30 a kan kowace shekara daga ta shida zuwa ta goma, sannan kashi 35 daga nan zuwa sama.

Bari mu buga misali da sefa 60,000, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Chadi ta tsayar a 2011. A ce maigadi ya yi shekara bakwai a kan wannan albashi. Shekaru biyar na farko sun ba shi sefa 75,000, biyun da suka biyo baya sun ba shi 36,000, jimla 111,000 ke nan. Idan ba a ba shi wa'adin wata biyu ba, a ƙara 120,000, ya zama 231,000. Ba a sa kuɗin hutun da bai tafi ba, ba a kuma sa diyyar da kotu ke iya ɗorawa idan ta ga korar ba ta bisa ƙa'ida.

Babban laifi, irin su sata da aka tabbatar, yana iya kawar da wa'adi da kuɗin sallama. Amma kotu ce ke da maganar ƙarshe a kan ko laifin ya kai girman haka, kuma ko a nan ma ba a tsallake takarda. Haka nan doka ta ba da kariya ta musamman ga mace mai ciki ko mai hutun haihuwa, da kuma wakilin ma'aikata, wanda ba a korarsa sai da izinin sufeton ƙwadago.

Inda 'yan Najeriya ke tuntuɓe

Mafi yawan ruɗanin yana zuwa ne daga auna Chadi da ma'aunin gida. A dokar ƙwadago ta Najeriya, wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka notis ɗin kwana ɗaya ake ba shi, wanda bai kai shekara biyu ba mako ɗaya, daga biyu zuwa biyar mako biyu, sai wanda ya kai shekara biyar ne ke samun wata guda. Ke nan direban da ya yi shekara huɗu, mako biyu zai samu a Maiduguri, amma wata biyu a Injamena, ga kuɗin sallama a kai. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Difa ba su cika mamaki ba, domin dokokin Nijar da na Chadi duk sun samo tushe daga tsarin Faransa.

A tuna kuma cewa Chadi ba ta cikin ECOWAS. Wanda ya ɗauko yaro daga Kano ko Katsina ya sa shi aikin albashi, akwai batun izinin aikin baƙi da ke hannun hukumar ONAPE. Akwai kuma rajistar ma'aikata a asusun CNPS, wanda ke kula da fansho da haɗarin aiki. Rigimar sallama ita ke tono waɗannan duka a rana ɗaya, domin da zarar an zauna gaban sufeto, tambayoyinsa ba sa tsayawa a kan korar kaɗai.

Ba kullum laifi ke raba mutane ba. Lokacin da rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Gamboru a 2014, sannan aka kai hari Babbar Kasuwar Injamena a watan Yulin 2015, ciniki ya ja baya ƙwarai, kuma mai rumfar da ba ya sayarwa ba zai iya riƙe yara ba. Doka ta san da irin wannan hali, ta kuma yarda a rage ma'aikata saboda karyewar ciniki. Sai dai shi ma yana da nasa matakai, kuma wa'adi da kuɗin sallama suna nan daram.

Yadda za a rabu lafiya

Takardar ba ta buƙatar dogon surutu. A rubuta ta da Faransanci ko Larabci, harsunan hukuma a Chadi, a kuma karanta wa ma'aikacin da harshen da yake ji. Ta ƙunshi sunan maigida da na ma'aikaci, da kwanan wata, da dalilin sallama, da ranar da wa'adi zai fara da ranar da zai ƙare. A yi kwafi biyu, ya sa hannu ko ya dangwala a kan ɗaya cewa ya karɓa. Ranar tafiya a rubuta lissafin abin da aka biya shi dalla-dalla, a kuma ba shi takardar shaidar aiki wadda ke nuna aikin da ya yi da tsawon lokacinsa, domin da ita zai nemi abinci a gaba.

Shi ma ma'aikaci muna ba shi shawara kada ya sa hannu a kan abin da ba a karanta masa ba, kada kuma ya yi fushi ya daina zuwa aiki ba tare da takarda a hannunsa ba, don kada a ce shi ne ya gudu. Idan an sami saɓani, ofishin sufeton ƙwadago ne matakin farko, inda ake ƙoƙarin sulhu. Sai sulhu ya gagara ne magana ke wucewa kotun ƙwadago.

Ba muna cewa a watsar da dattawan kasuwa ba ne. Sulhunsu ya kashe wutar da ba ta ƙirguwa, kuma har gobe ya fi zaman kotu sauƙi da rufin asiri. Kiranmu ga shugabannin 'yan kasuwa shi ne, duk abin da aka daidaita a kan tabarma a sa shi a takarda, kuma kada ya gaza abin da doka ta tanada. Idan hali ya yi, kowace ƙungiya ta nemi wanda ya san dokar ya tsara mata samfurin takardar sallama da 'ya'yanta za su riƙa amfani da shi. Kuɗin rubuta takarda ɗaya bai kai na yini ɗaya da rumfa za ta kwana a rufe ana zaryar ofis ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya sa mu rabu da kowa lafiya.