Ina Yara Za Su Yi Sallah Bayan An Rabu?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Funtuwa, ya aiko yana cewa ya rabu da matarsa, 'ya'yansu biyu suna hannunta. Ga sallah ta gabato. Shin shi ne zai yi musu ɗinki alhali ba a gidansa suke ba? Kuma a ina ya kamata su yi sallah?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Saki dai ya raba ka da uwarsu, amma bai raba ka da su ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a littafin Risala, uwa ce ta fi cancanta da riƙo bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙon yakan koma ga kakarsu ta wajen uwa. Amma ci da sha da sutura suna wuyanka, ko a ina suke kwana. Haka zakkar fidda kai, kai za ka fitar musu, mudun Nabi 4 kowane yaro.

Saboda haka ɗinki naka ne, gwargwadon ƙarfinka. Tun ran gini ran zane. Tun da kaka ka ware buhun hatsi ko ɗan akuya da sunansu, yadi kuma ya isa hannun tela kafin azumi ya raba tsakiya. Ka san halin teloli a goman ƙarshe. Kada yaronka ya fita da tsohuwar riga 'yan'ubansa suna cikin sabuwa. Yaro ba ya manta irin wannan.

Maganar inda za su yi sallah kuwa, wannan sulhu ne tsakaninku. Sallah biyu ce a shekara, 1 ga Shawwal da 10 ga Zulhajji. In garuruwanku da nisa, su yi ƙarama wajenta, babba wajenka su ci naman layya. In kusa kuke, ka tafi da su idi, su gaida kakanni, da la'asar ka mayar da su. Ranar da ka ce za ka mayar, to ka mayar, don gobe a yarda a sake ba ka.

Kada ku mai da yara 'yan aike. Ka nemi wanka ko waliyyinta su tsayar da magana. Kuma kada ka zagi uwarsu a gabansu, ita ma a ja mata kunne kada ta zage ka. Uwargidanka kuwa, ka roƙe ta ta raba musu tuwon sallah daidai da nata.

In abin ya gagara, akwai mai unguwa da liman kafin a kai ga alƙali. Allah Ya raya su, Ya kai mu sallar lafiya.