Peugeot 504: Yadda ake gane kayan ƙafa na asali kafin a kashe kuɗi a banza

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, ya san 504 ba ta ƙare ba. Har yau ana ganin a-kori-kura ɗauke da buhunan gero za ta Dawanau, ana kuma ganin wagon a tashar ƙauye tana jiran fasinja na ƙarshe. Akwai kuma wadda ba ta fita: tana ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutu, mai ita ya rasu, magada sun kasa sayarwa saboda motar baba ce. Idan wani daga cikin 'ya'yan ya samu hali ya ce zai tayar da ita, inji da fenti ne ke fara zuwa masa a rai. Amma inda kuɗi ya fi zurarewa, kuma inda kuskure ke iya cin rai, shi ne ƙafa.

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota ya haɗa sifirin, shokozoba, bushin, boljoyin da ƙarafan da ke riƙe taya da jikin mota. A nan ne 504 ta yi suna tun farko. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, a 1975 kuma Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da ita. A wannan shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot, wadda bakin mutane ya mayar Fijo. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kaduna kuwa ta kai wajen 2006. Laushin tafiyarta a kan gargada ba tsautsayi ba ne. A wancan zamanin Peugeot na cikin kamfanoni ƙalilan da ke ƙera shokozobarsu da kansu, a daidaita ta da sifirin ɗin kowace mota.

Wannan dogon tarihin shi ne ya jawo matsalar. Mota ɗaya da aka shafe kusan shekara 38 ana ƙerawa a nahiyoyi daban-daban ba za ta kasance da ƙafa iri ɗaya ba.

504 ba ɗaya ba ce

A gaba kusan duk tsari guda ne, wato MacPherson, inda shokozoba ke cikin murɗaɗɗen sifirin. A baya ne aka rabu. Salun ta farko kowace tayar baya cin gashin kanta take yi, tana da nata hannu da nata sifirin, kuma birkin faifai ne a tayoyi huɗu. A 1973 aka fito da 504 L mai rahusa, wadda aka ba ta aksil guda mai haɗe tayoyin baya biyu, da birkin ganga. Wagon ita ma aksil guda gare ta, amma sifirin huɗu take da su a baya, biyu a kowane gefe, saboda kaya. A-kori-kura kuwa sifirin ɗin falle-falle ne da ake jerawa. Hatta tsawonsu ya bambanta: tazarar tayar gaba da ta baya mita 2.74 ce a salun, mita 2.90 a wagon.

Don haka wanda ya shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi sifirin ɗin 504 bai faɗi komai ba tukuna. Kamar mutum ne ya je Farm Centre ya ce a ba shi sikirin ɗin Samsung. Za a ba shi, zai ma iya shiga, amma wanne?

Abu na farko, a leƙa ƙarƙashin motar da fitilar waya a ga wane irin baya gare ta. Na biyu, a buɗe bonat a nemi farantin kamfani da lambar shasi, a ɗauki hoto. Motocin da aka ƙera kafin tsarin lamba mai haruffa 17 ya zama gama-gari a farkon shekarun 1980 gajeriyar lamba gare su, masu tsarin 17 na Peugeot ɗin Faransa kuma da VF3 suke farawa. Sai dai a yi hattara, takardun mota kaɗai ba hujja ba ne. Motar da ta yi shekara talatin tana kai taki gona, tana komowa da kara, da wuya a ce ba a taɓa sauya mata aksil ko a ɗora mata ƙafar wata ba. Ido ne zai tabbatar.

Asali iri uku

Kalmar “orijinal” a bakin mai shago tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa ba tare da an yi musu ƙarya ba. Akwai kayan da motar ta fito da su daga kamfani, wanda makanikai ke ce wa folo-kom. Akwai na Peugeot na gaske da aka ciro daga wata motar, irin wanda ake kira Beljiyam ko ɗan Kwatano. Akwai kuma sabo na wani kamfani daban, mai kyau ko jabu, a cikin kwali mai hoton zaki.

Na tsakiyar ne ya fi ruɗarwa. Sifirin da aka ciro daga salun ɗin da ta yi rayuwarta a kan kwaltar Turai na Peugeot ne ba shakka, amma motocin da aka tanada don hanyoyin Afirka an ƙarfafa musu ƙafa. Ka ɗaura na Turai a motar Kaduna, sai ka ga gindinta ya zauna, da an shiga burtali da damina sai ƙasa ta fara shafar tankin mai. Haka wasu kayan 505, wadda ta fito a 1979, kan yi kama da na 504 har su shiga. Shiga daban, dacewa daban.

Lambar kaya na taimakawa. Tsohon tsarin Peugeot lambobi huɗu ne, sai ɗigo, sai biyu. Huɗun farko na nuna dangin kaya: 5202 shokozobar gaba, 5206 ta baya, 5002 sifirin ɗin gaba, 3523 bushin, 3640 boljoyin. Biyun ƙarshe su ke rarrabe wace mota. Idan kwali ya ce shokozobar baya ce amma lambar ta fara da 3640, magana ta ƙare. Ana samun tsofaffin kundayen kayan 504 da littattafan gyara da masu sha'awar motar suka ɗora a intanet, yawanci da Faransanci, kuma Google Translate na karanta hoton shafi ya fassara. L'Aventure Peugeot, masu gidan tarihin kamfanin da ke Sochaux, su ma suna da sashen kayan tsofaffin motoci. Amma lambar da ke kan kwali ko sitika kowa na iya bugawa. Wadda aka daddale a jikin ƙarfe ta fi wuyar kwaikwayo, ita za a nema. Zakin jabu sau da yawa a dagule yake, kamar an zana shi da tsinke a kan laka.

Ma'auni ba ya jin ciniki

Ƙaramin ma'aunin kalifa na dijital, mai batir irin na agogo, ya fi duk wata rantsuwar mai shago amfani. A sifirin abu uku ake aunawa: kaurin ƙarfen, yawan murɗi, da tsawonsa idan ba nauyi a kai. Kauri ne ya fi muhimmanci, domin taurin sifirin na ƙaruwa ne da kaurin ƙarfe ninki huɗu na lissafi, wato a ninka kaurin da kansa sau huɗu. A misali, ƙarfe mai milimita 14 ya fi mai 13 tauri da kusan kashi 34 cikin ɗari, idan sauran abubuwa daidai suke. Milimita ɗaya ke nan, wadda ido ba zai kama ba a cikin duhun shago. Kamfani kan kuma ɗiga wa sifirin fenti mai launi don nuna ajinsa. A goge laka da tsumma a duba, na hagu da na dama su zama launi ɗaya. Kada a kankare da burushin ƙarfe kafin a ɗauki hoto, fentin zai tafi.

Sifirin da aka yanke, ko aka gasa da wutar walda don a miƙar da shi, a bar shi ko kyauta ne. Wuta na kashe ƙarfinsa, kuma ranar da zai karye ba a gareji zai karye ba. Ana gane shi da bakin da bai kwanta daidai ba, ko wurin da launin ƙarfen ya sauya. A a-kori-kura kuma, dabarar da aka saba ita ce ƙara falle don ta ɗauki buhu fiye da ƙima. Motar za ta tashi, amma dukan da sifirin ya kamata ya sha sai ya koma kan shasi. Mai son ya mayar da ita yadda ta fito sai ya ƙirga fallayen, ya duba ko faɗinsu da kaurinsu ɗaya ne.

Shokozoba a tsaye ake gwada ta. A danna a ja sau da yawa. Ta ƙwarai za ta yi turjiya tun daga farko har ƙarshe ba tare da wurin da take zamewa ba, kuma jan ya fi dannawa wuya. Wani kuskure da ya yaɗu shi ne cewa wadda ba ta miƙe da kanta ba ta mutu. Wannan halin mai gas ne. Tsohuwar mai mai zalla ba ta miƙewa, kuma lafiyarta ƙalau.

Akwai dalilin da ya sa tsayin motar ba ado ba ne kawai. Yawancin 504 na da wata 'yar na'ura a baya da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda kaya suka danne motar. Idan sifirin ɗin da ba nata ba ya sauya tsayin, na'urar za ta karanta nauyin da babu shi, tayoyin baya su iya kullewa kafin na gaba. A kan kwalta da sauƙi, amma a hanyar da yashi ya rufe, juyawa motar za ta yi.

Inda asali ba shi ne mafi kyau ba

Roba tsufa take yi ko ba a taɓa amfani da ita ba. Bushin na Peugeot da ya shekara talatin a kan kanta yana shan zafin Kano, an murɗa shi sai ka ga tsaga-tsaga. A nan sabo daga kamfanin kirki ya fi, haka ma boljoyin, wanda idan ya fice taya ce ke kwanciya a tsakiyar tafiya. Masu ra'ayin sai komai ya zama folo-kom sun wuce gona da iri a wannan wajen. Kusoshi ma a duba kansu, lambar 8.8 ko 10.9 da ke kai ƙarfinsu take faɗa, kuma ba a maye gurbinsu da na kafinta.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton kowane sashe, a auna daga ƙasa zuwa bakin fenda a kusurwa huɗu, a rubuta a Google Sheets ko a littafin makaranta. Tsohon kayan da aka cire kada a sayar wa 'yan gwangwan da wuri, shi za a riƙa a tafi da shi kasuwa a jera da sabon. Daga Kunchi ko Makoɗa zuwa Ƙofar Ruwa tafiyar yini ce da kuɗin mota, saboda haka a fara tura hoto da ma'auni ta WhatsApp, mai shago ya turo nasa hoton da kalifa a jikin kayan. Bayan an haɗa, a gaya wa bakanike kada ya ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai an sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, kafin kaka ta yage.