Ƴar mota mai tafiyar maciji: a duba kamin a saya wa yaro

Ya ku uwaye, idan Salla ta kusato, kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan cika da kayan wasan yara. Cikinsu akwai wata ƴar motar roba wadda yara suke ƙauna ƙwarai. Ba ta shan mai, ba ta da batir, ba ta da feda. Yaro ya zauna, ya aza ƙafafunsa bisa, ya riƙa juya sitiyari dama da hagu, sai ta kama tafiya tana lanƙwasa kamar maciji. Mafi yawansu daga ƙasar Sin ake kawo su.

Asirin tafiyarta yana ga ƙafafun gaba. An ɗaura su ga sandar sitiyari, amma sun ɗan koma baya. Duk sa'ad da yaro ya juya sitiyari, ƙafafun sukan tokari ƙasa a kaikaice, tokarin nan shi ke tura motar gaba. Saboda haka sai ƙasa ta zama mai tauri da santsi, kamar daɓen siminti. Cikin rairayi ƙafafun nutsewa suke yi.

Wajen rangadin makarantun yaƙi da jahilci, na sauka gidan wani manomi wanda ya sai da tiyoyin hatsi ya sayo wa ɗansa irin wannan mota. Tsakar gidansa duk rairayi ne, motar ta ƙi motsi. Da yaron ya gaji da kuka, sai ya ja ta zuwa bakin kwalta, inda manyan motoci da ƴan kabu-kabu suke wucewa. Allah ya kiyaye, wata maƙwabciya ta hango shi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Yaron da ke zaune bisa wannan mota kuwa ya yi ƙasa da yawa, direba ba ya ganinsa.

Ga abin da ya kamata a duba:

1. Wuri. In babu daɓe mai faɗi cikin gida, nesa da hanya, rijiya da murhu, a haƙura da sayenta.

2. Shekaru. An yi ta don yaro mai shekara 3 zuwa sama. In kun ga alamar fuskar jariri da lamba 0-3 an ja musu jan layi, ma'anarta kada a ba wanda bai kai shekara 3 ba.

3. Tsawon yaro. Wannan mota ba ta da birki, da ƙafa ake tsai da ita. A zaunar da yaro tun a kasuwa, a ga tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Ya riƙa sa takalmi in zai hau.

4. Ƙarfin jiki. A danna mazauni da hannu. Roba mai kauri ba ta lotsawa. A shafa gefuna ko akwai kaifi, a girgiza sitiyari a ji ko kusoshi sun ɗauru. Araha ba ta ado.

5. Ƙafafu. Masu ɗan laushi sun fi kama ƙasa bisa ga na busasshiyar roba.

Bayan saye, a ajiye ta cikin inuwa, domin ranarmu tana gasa roba har ta tsage. Kada yara biyu su hau tare, kada a hau gangare. In yaro ya faɗi ya bugi kai, daga baya ya kama amai ko barcin da ba a saba gani ba, a kai shi likita nan da nan.

Motsa jiki yana ƙara wa yaro lafiya, wannan mota kuwa tana motsa hannu da ƙugu. Amma wanda gidansa rairayi ne kada ya ji ya tauye ɗansa: ƙwallo, langa da motar kara da yaro ya ƙera da hannunsa suna nan. Rigakafi ya fi magani.