Ruwa Biyu a Ganye Ɗaya

Idan aka yanka ganyen alobera, dangin kabar giwa, ruwa iri biyu ake samu. Na farko rawaya ne mai ɗaci, yana tsatsowa daga ƙarƙashin ɓawo. Sinadarin aloyin da ke cikinsa yakan motsa babban hanji ya kawo zawo, yawan shansa kuma yakan zubar da gishirin fotasiyam na jiki. A 2002 Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake saya ba takardar likita. Na biyu farin yauƙi ne, kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa, da sinadarin asemanan mai riƙe danshi. Shi ake shafawa a ƙaramar ƙuna, ake kuma sawa a man shafawa. Don haka a tsiyaye rawayan tukuna, sannan a ɗebi farin.