Daga dutsen Malbaza zuwa duniyoyin wasu taurari

Jama'a, idan yaro ya ce ilimin duwatsu zai karanta, galibi tunanin iyaye ba ya wuce haƙar zinariya ko uraniyom. To, akwai masana wannan ilimi da aikinsu shi ne neman wata duniya da rai zai iya zama a cikinta, wadda ke kewaya wani tauraro daban, ba ranarmu ba.

Mu fara daga gida. Farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza, a ƙarƙashin teku ya taru, kusan shekara miliyan 60 da suka wuce. Har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa, kuma irinsa ne a Kalambaina, kusa da Sakkwato. Ke nan dutse yana ba da labarin ruwan da ya ƙafe. Ba nan ya tsaya ba: irin wannan dutse yana kulle iskar kabon mai riƙe zafi, abin da ke taimaka wa duniyarmu kada ta zama tanda.

Wannan karatu ne masanan ke ɗagawa sama. An riga an gano duniyoyi sama da 5,000 a kewayen wasu taurari. Tauraron TRAPPIST-1 kaɗai yana da bakwai. Ba mai zuwa can, nisan ya yi yawa. Girman duniyar da nauyinta ake aunawa daga nesa, sai masanin duwatsu ya lissafa: dutse ce ko tarin iska? Ruwa zai iya kwanciya a kanta?

Tun da ba a iya taɓa waɗancan, ana gwada lissafin da maƙwabciyarmu Mars, wadda guntayenta kan faɗo mana. A 1962 wani mai kilo 18 ya faɗi a Zagami, ƙasar Katsina. Wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023 ya haura kilo 24, kuma a watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Ni dai abin da ya fi ci mini rai, ɗalibanmu ba su samu ko ganinsa ba.

Mai ɗa ko ɗiya a lise, ƙofar ita ce bak ta kimiyya, sannan sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar EMIG, duka a Yamai.