Kafin A Kawo Caja Gida

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, zancen babur da mota masu aiki da batir ya shiga hirar magidanta a Gusau da Tsafe da Bungudu. Abin kuwa ba daga nesa yake ba, gama a 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma wanda ya sayi irin wannan abin hawa, yawancin cajinsa a gida zai yi, da dare, iyali suna barci. Nan ne muke so mu ja kunne.

Soket ɗin gidajenmu na amfiya 13 ne. Cajar mota ta bango mai kilowat 7 kuwa tana jan amfiya 32, sa'o'i da yawa ba hutu. Siririyar waya ba za ta ɗauka ba. Za ta yi zafi, robar ta narke, sai gobara. Saboda haka cajar mota tana bukatar layinta ita kaɗai daga akwatin fis, da waya mai kauri, aƙalla murabba'in milimita 6, da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta zurare. Lalle ne kuma a kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Ƙasarmu takan bushe da rani, sai a riƙa gwada shi.

Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. A nemi mai gyaran wuta da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, a kuma tuntuɓi Kaduna Electric, mai raba wuta a Zamfara, ko layin gidan zai iya.

Masu babur kuma, mun san al'adarmu ce a kwantar da shi a zaure. To, zaure shi ne ƙofar fita. Batirin litiyam idan ya kama wuta, kashe shi da wuya, hayaƙinsa kuma dafi ne. A yi caji a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da ruwan sama da hannun yara. A yi da cajar da ta zo da babur ɗin, ba ta aro ba. Batirin da ya kumbura ko yake wari, kada a sake jona shi.

Kuɗin waya mai kyau da ladan gwani suna da nauyi, mun sani. Amma ba su kai ɗaki guda ba, balle rai.