Labarin Kaka, Halittar Teku Da Ta Shekara 59 Cikin Kwalba

Idan mutumin Bahuli ya gangaro kasuwar shanu ta Mubi zai sayi bijimi, ba ya tsayawa ga abin da dillali ya faɗa masa game da shekarun dabbar. Sai ya buɗe bakinta ya dubi haƙora, ya kuma duba zoben ƙaho, domin gani ya kori ji. To, ina dabara idan dabbar ba ta da haƙori, ba ta da ƙaho, ba ta ma da ƙashi ko ɗaya a jikinta? Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk wanda ya tashi rubuta labarin wata halittar teku mai laƙabi Granny, watau Kaka, a cikin kundin sani, irin littafin nan da ake tara ilmin kowane fanni a cikinsa.

Ita dai wannan halitta, wadda Turawa ke kira anemoni, idan mutum ya hango ta cikin ruwa zai rantse fure ce, alhali kuwa dabba ce. Irin ta Kaka ja ce, faɗinta bai wuce tafin hannun yaro ba, tana manne wa duwatsun bakin teku. Bakinta yana tsakiya, kewaye da 'yan yatsu masu dafi wajen 190, da su take kama abincinta. Idan ruwa ya janye sai ta dunƙule ta koma kamar curin nama. 'Ya'yanta kuwa a cikinta take renonsu, sa'an nan ta fito da su ta baki.

A shekarar 1828 ne wani lauya ɗan ƙasar Sikotilan mai sha'awar nazarin halittu, Sir John Graham Dalyell, ya ɗauko ta daga gaɓar teku a North Berwick, ya kai ta gidansa a birnin Edinbara, ya sa ta cikin kwalba. Yakan canza mata ruwan teku, yana ba ta naman makankari. Abin da ya bambanta shi da sauran masu kiwo shi ne alƙalami: duk abin da ta yi sai ya rubuta. Ya ƙirga 'ya'ya 334 da ta haifa cikin shekara 20, ya kuma ba da bayaninta a littafinsa kan dabbobin Sikotilan na ban mamaki, wanda aka buga a 1847 da 1848.

Da Dalyell ya mutu a 1851, sai kwalbar ta koma hannun Farfesa John Fleming. Shi ma da ya mutu a 1857, sai wani likitan sojan ruwa, James McBain, ya karɓe ta. A wannan shekara ce aka rubuta cewa ta haifi 'ya'ya fiye da 200 cikin dare ɗaya. A 1879, shekarar da McBain ya mutu, Kaka ta koma lambun nazarin tsirrai na Edinbara, hannun mai kula da lambun John Sadler, daga bisani kuma magajinsa Robert Lindsay. Mutane sun yi ta zuwa kallonta suna sa hannu a littafin baƙi. Ta mutu ran 4 ga Agusta, 1887, bayan ta binne mutum huɗu daga cikin masu kula da ita, har jaridun The Scotsman da New York Times suka buga labarin mutuwarta.

Labari ne mai daɗin ji, amma daɗin labari ba hujja ba ne. A birnin nan na Edinbara aka fara buga shahararren kundin sani na Britannica a 1768, kuma ƙa'idar masu irin wannan aiki ita ce kada marubuci ya zama alƙalin kansa. Idan ya gama rubutu sai ya miƙa wa mai bita, wanda zai bi jimla ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wa ya faɗa, a ina ya faɗa, ganau ne ko jiyau? Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga almajiran ƙasar nan, domin malaman Hadisi sun daɗe da koyar da cewa a binciki isnadi, watau jerin masu ruwaya, kafin a karɓi magana.

Tambaya ta farko ita ce ta shekaru. Wasu sukan rubuta cewa Kaka ta shekara 66 ko 67 a duniya. Mai bita na ƙwarai zai raba wannan lissafi gida biyu. Daga 1828 zuwa 1887 shekara 59 ke nan, kuma waɗannan akwai shaidu a rubuce. Sauran bakwai ɗin kuwa kintace ne na Dalyell, wanda ya dubi girmanta ranar da ya same ta ya ƙiyasta ta kai shekara bakwai. Saboda haka wajibi ne kundin ya faɗi na farko da tabbaci, ya jingina na biyu ga mai shi.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: shin wadda ta mutu a 1887 ita ce ainihin wadda aka ɗauko a 1828, ko kuwa wata 'yarta ce ta gaje kwalbar? Amsar tana ga jerin masu riƙo. Mutum biyar ne, kowa an san sunansa da aikinsa da lokacin da ya karɓa, babu giɓi a tsakani. Ta uku kuma ita ce ta jaridu: idan jarida goma suka kwafi labari daga jarida ɗaya, shaida ɗaya ce, ba goma ba, kuma rubutun wanda ya ciyar da dabbar da hannunsa ya fi na wanda ya ji a bakin wani.

Darajar wannan tsari takan fito idan aka dubi wani labari na gida. A watan Oktoba na 2019 wani kunkuru mai suna Alagba ya mutu a fadar Soun na Ogbomosho, a Jihar Oyo, aka ce ya shekara 344. Masana dabbobi sun yi shakkar haka, domin ba a taɓa tabbatar da kunkurun da ya kai ko kusa da waɗannan shekaru ba, har wasu suka yi zaton kunkuru fiye da ɗaya ne suka yi ta gadon sunan. Ba wanda ya ce mutanen fada sun shara ƙarya. Abin da kakanni suka faɗa musu suka riƙe. Sai dai babu rubutaccen jerin masu riƙo, don haka abin da kundin sani zai iya cewa kawai shi ne "an ce".

A nan ne darasin yake ga mutanen Bahuli da Mubi da sauran garuruwanmu. Ɗalibai suna ɗaukar abin da suka karanta a kundin sani tamkar yankan wuƙa, su kwafa a jarrabawa, gobe su koyar da shi. Kuskuren da ya shiga irin wannan littafi yana da wuyar fita. Daɗin daɗawa, akwai tarihin sarautu da rijiyoyi da tsofaffin itatuwa da ke cikin kawunan dattawa kaɗai. Wanda ya je ya ji daga bakinsu, ya kamata ya rubuta sunan dattijon, da ranar da ya faɗa, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi. Da Dalyell bai yi haka ba, da yau labarin Kaka ya zama tatsuniya.